Kasuwar Dare A Bakin Ruwan Tiga

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni. Yau maganar kifi na ke so in yi, da ta kasuwar da a ke cinsa da dare a ƙasarmu.

Waɗanda suka yi zama a Ikko, ko Fatakwal, ko Ankara ta ƙasar Gana, in sun komo gida su kan cika mana kunne da labarin bakin teku. Su ce wai da magariba jiragen masunta za su sauka, a kunna fitilu, a hura wuta nan bisa rairayi, mutum ya nuna kifin da ransa ya ke so tun yana motsi, a gasa masa yana tsaye yana kallo. Mu kuwa mutanen tudu sai mu yi shiru, don kowa ya san tsakanin Kano da Ikko tafiyar mil 700 ce a jirgin ƙasa. Marigayi Alhassan Ɗantata ma, da aka haifa nan Bebeji cikin 1877, sai da fataucin goro ya kai shi har gaɓar teku sa'an nan ya ga ruwan da ba a hangen ƙarshensa. A zamaninsa, in damina ta wuce Kogin Kano ya kan janye ya bar rairayi da 'yan gurabe nan da can. Su kuwa sai na taro, a faɗa kududdufi da koma da gora rana guda, kowa ya sami na miya, shi ke nan sai baɗi.

To, wannan zamani ya wuce, amma da yawa cikin malamai da akawuna da ke zaune birni ba su sani ba. Cikin 1971, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka soma gina madatsar ruwa a Tiga cikin ƙasar Bebeji, aka gama cikin 1974, daidai lokacin da farin nan mai tsanani ya ke cin ƙasashen arewa. Bangon da aka tare kogin da shi tsawonsa ya kusa kilomita 6. Tafkin da ya taru bayansa, in ya cika, faɗinsa murabba'in kilomita 178 ne, ruwan da aka gina shi ya riƙe kuwa ya kusa tan biliyan 2. Ruwan daga kudu ya ke gangarowa, daga duwatsun wajen Riruwai a ƙasar Doguwa, ya ratsa Dajin Falgore, ya bi ta ƙasar Tudun Wada, sa'an nan ya zo ya kwanta. Ba don kifi aka gina ta ba. An yi ta ne don noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da kuma ruwan shan birnin Kano. Kifi kyauta ne da ya biyo baya. Amma kyautar nan ita ta kawo masunta daga nesa, masunta suka kawo masu suya, masu suya suka kawo irinmu masu kwaɗayi.

Ran wata Asabar cikin kaka, bayan an tashi daga aiki, ni da wani abokina malamin makaranta muka hau babur muka nufi wata kwata a gefen tafkin, watau wurin da jirage ke sauka. Ba gini ba ne irin na bakin teku mai ƙarafa da katako. Gangare ne kawai na tsakuwa da laka, da turaku da aka kafa don ɗaure kwalekwale, da 'yan rumfunan kara a bisa tudu. Mun isa rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ruwa ya yi lif, sai balbelu ke ta wucewa jere zuwa makwancinsu. Can nesa muna hangen waɗansu jirage suna fita, mutum biyu biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na sakin kalli, wanda zai kwana cikin ruwa sai da asuba a zo a ɗebe. Waɗansu kuma shigowa su ke yi, su ne 'yan birgi da masu ƙugiya da suka yini ciki.

Kowane jirgi ya taɓa ƙasa sai ka ga yara sun ruga sun kama hancinsa, mai shi ya tsallako da wando a naɗe, ya juye abin da ya samu cikin daro. Nan take a ke ciniki, ba sikeli, ba takarda. A kasa kifi kashi kashi, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya sallama. Ni da na saba da aikin ofis, inda ba a fid da ko fensir sai an sa hannu a littafi, na yi mamakin yadda dukiya ke sake hannu a wurin nan da baki kawai, kuma ban ji wanda ya ɗaga murya ba.

Da aka yi sallar magariba wuri ya sake kama. Aka jera fitilun sola bisa tebura, wata tsohuwa kuwa har yanzu acibalbal ta ke kunnawa, ta ce ita ba ta yarda da fitilar da ba ta da hayaƙi ba, don hayaƙin ke kore mata sauro. Masu suya maza ne da tsofaffin mata, 'yan mata kuma na zagayawa da tire, don matan aure suna gida, daga can su ke aiko da waina da dafaffen rogo da dankali. Kaskon suya ya fi goma, kowanne na ƙara, ƙanshin man gyaɗa da na yaji ya gauraye da ƙarnin ruwa. Ga mai shayi ya kafa teburinsa, ga mai rake, ga mai gurasa ya yayyafa mata ƙuli da albasa. Masu ci kuwa iri iri ne: manoman rani da suka taso daga gona da laka a ƙafa, direbobi, 'yan acaɓa, Fulani biyu da sandunansu a kafaɗa, da waɗansu samari 'yan birni da suka zo cikin mota suna ta ɗaukar hoto da waya.

Muka zauna bisa benci wajen tsohuwar nan mai acibalbal. Na ce, "Sannu da aiki, Inna. Me za mu samu?"

Ta ce, "Yauwa, sannunku 'yan samari. Akwai tarwaɗa, akwai karfasa, akwai ƙurungu in kuna iya ƙaya. Farfesu kuwa sai ku ɗan jira ya nuna."

Muka zaɓi tarwaɗa guda mai kauri, ta yanka ta gunduwa gunduwa, ta wanke da toka da ruwan tsami don santsin ya fita, ta sa gishiri, ta jefa cikin mai. Jama'a, gani ya kori ji, ci kuma ya kori gani. Wanda bai taɓa cin kifin da bai yi sa'a guda da barin ruwa ba, bai san kifi ba tukuna. Naman fari fat, yana rabuwa da kansa, ba wari, ba ɗacin ƙanƙara irin na kifin kwali da a ke kawo mana daga ƙasashen Turai. Muka haɗa da gurasa da yaji, muka kora da shayi, abin da muka biya mu biyu bai kai kuɗin kwanon mutum guda a manyan gidajen abinci na birni ba. In da labarin ya tsaya nan, da sai in ce kowa ya zo ya ci, in ajiye alƙalami.

Amma akwai abin da na gani wanda ya hana ni ajiye shi. Tarwaɗar da muka ci, irinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba a kasuwar duka. Abin da ya cika kasake da tire shi ne 'yan ƙananan kifi, karfasa wadda ba ta kai tafin hannun yaro ba, waɗansu ma kamar ɗan yatsa, an soya su ƙayau ana aunawa da gwangwani kamar gyaɗa. Su ne masu araha, su yara ke saye, su a ke ƙullawa a leda a kai gida. Na san akwai kifin da halittarsa ƙarami ne, kamar ƙawara, ko ya shekara nawa ba ya wuce haka, ba kuwa laifi a ci shi. Amma waɗannan da na ɗauka na duba kusa da fitila 'ya'yan karfasa ne sosai, da zanensu a jiki, waɗanda da an bar su wata shida ko takwas da kowace ta cika faranti.

Kusa da mu akwai wani dattijo zaune bisa kifaffen jirgi yana ɗinkin kalli da hasken tocila. Na matsa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni baƙo ne a sana'arku, ina da tambaya. Ko manyan ne dillalai suka kwashe da safe suka kai birni, shi ya sa ba mu gani sai ƙanana?"

Ya ce, "Malam, rabin maganarka gaskiya ce. Babban ciniki da safe a ke yi, na Kano su zo da motoci su ɗauki na kirki, su kai Galadima. Amma ka zo da safen ka gani. Abin da mu ke kira babba yau, sa'ad da ubana ya kawo ni nan ina yaro, shi mu ke mai da wa ruwa. Da, ragon ruwa guda sai yaro ya kasa ɗauka. Ka ga wannan?" Ya sa yatsunsa cikin idon kallin da ke hannunsa, huɗu suka shiga. "Da irin wannan mu ke su. Yanzu je ka duba na yaran can, in biyu sun shiga ka zo ka gaya mini. Waɗansu ma gidan sauro su ke ja."

Na ce, "To, Baba, me ya sa ba a hana su?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Wanda ya kwana bai ci ba, da wane baki za ka ce masa ya bar na baɗi? In ya bari, na bayansa ba zai bari ba."

Wannan amsa ta dattijo ita ce gindin maganar duka, ina kuwa roƙon masu karatu su tsaya su dube ta da kyau, kada su yi saurin zagin masunta. Ba jahilci ke sa su ba. Sun fi ni da kai sanin ruwa nesa ba kusa ba. Abin da ke faruwa shi ne, gona tana da mai ita, in ya ci irinsa shi zai yi kuka da damina, saboda haka ba ya ci. Ruwa kuwa na kowa ne. Wanda ya saki ƙaramin kifi, ba shi da tabbacin shi zai kama shi in ya girma. Saboda haka kowa ya kan ce gara ni in ɗauka yau. Da manya suka ragu sai a rage idon kalli don a sami abin kai wa gida, da aka rage ido sai manyan suka ƙara raguwa, don an kame su tun ba su yi ƙwai ba, sai a sake rage ido. Haka abin ke tafiya kamar mai gangara cikin rijiya da igiya, kowane taki yana ganin ɗan kaɗan ne.

Bari in ɗan faɗi yadda kifin nan ke haihuwa, don a ga inda ɓarnar ta ke. Karfasa ba a tsakiyar ruwa ta ke ƙwai ba. Namijin ya kan zo gefe inda ruwa bai da zurfi, ya share ƙasa ya yi ɗan gurbi kamar kwano, macen ta zo ta zuba ƙwai. A irin da ya fi yawa, uwar ta kan kwashe ƙwan cikin bakinta ta riƙe, ba ci ba sha, har su ƙyanƙyashe su yi ƙwari, abin ya kan kai mako biyu. To, dubi abin da taru ke yi, wannan doguwar raga da a ke zagaya gefe da ita, mutane su kama bakin biyu su jawo zuwa tudu. Tana share gurbin, ta kwashe uwar da ɗaruruwan 'ya'ya a bakinta, ta haɗa da na bara da ba su isa ba. Tarwaɗa kuma da ruwan farko na damina ta ke haurawa cikin rafuka da ciyawar da ruwa ya rufe don ta zuba ƙwai, a nan ne kuma a ke datse mata hanya da gura, a kama ta da ciki cike. Mai cin tarwaɗa mai ƙwai a farkon damina ya kan ce ya yi sa'a. Dubban tarwaɗa ya cinye a zama guda.

Gidan sauro kuwa hasara biyu ce. An raba shi kyauta don ya tsare yara daga zazzaɓin cizon sauro, sai ga shi cikin ruwa, yaran na kwance a fili. Idonsa kuma ko ƙwan kifi da kyar ya ke wucewa, ga maganin da aka jiƙa shi da shi, wanda ke kashe sauro, dafi ne ga kifi. Ban ga mai zuba guba a wurin nan ba, dattijon kuma ya ce in an kama mai yi ba ya sake kwana a kwatar. Amma kowa ya san a waɗansu ruwaye an yi ta yi, da magimfa irin ta da, da gamalin na zamani, kifin kuma a kawo kasuwa mutane su ci.

Wani zai ce, ai sai Gwamnati ta yi doka. Doka kam akwai ta. Tun 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar su a ruwayen cikin ƙasa, ta hana kama kifi da guba ko nakiya ko lantarki, ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, watau inci 3, kusan yatsu huɗun nan da dattijo ya nuna mini, sai fa irin ragar da aka keɓe don kifin da ba ya girma. Ta kuma ba da ikon a rufe ruwa wani lokaci na shekara. Ashe abin da masana suka auna da ma'auni, shi tsofaffin masunta suka daɗe da aunawa da yatsa. Amma ni akawu ne, na san yadda takarda ta ke kwana cikin fayil. Doka ba ta tuƙa jirgi. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 178, da lunguna da tsibirai, ma'aikaci nawa za a sa su tsare shi da dare? In kuwa an aiko wanda ba ɗan wurin ba, ya ƙwace ragar talaka ya ƙone, gobe talakan zai ci bashi ya sayi wata, ya ƙara matsa wa ruwa don ya biya.

A ganina maganin yana hannun waɗanda a ke jin maganarsu a bakin ruwa, watau Sarkin Ruwa da dattawan masunta, da dagatai da hakimai a bayansu, Gwamnati kuma ta tsaya musu. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dubi Argungu. Bikin sun da a ke yi can, wanda ya samo asali tun 1934, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun duniya abin tsarewa cikin 2016, me ya sa a ke fid da giwan ruwa wadda sai ƙarti sun taru su ɗaga? Don Matan Fada a rufe ta ke, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe, kuma mutanen wurin da sarakunan ruwansu su ke tsaronta, ba baƙi ba. Ban ce a rufe Tiga shekara guda ba, wannan zalunci ne ga masu ci daga gare ta. Amma a keɓe waɗansu lunguna inda kifi ke ƙwai a ce nan ba a jan taru har abada, a kuma ɗaga wa bakin rafuka ƙafa makonnin farkon damina, wannan abu ne mai yiwuwa. Lokacin kuwa ya dace, don yawancin masuntan nan manoma ne, da ruwan farko suna gona.

Sai dai dole a yi shi gaba ɗaya. In kwatar Bebeji ta hana, ta wajen Rano ko ta Tudun Wada ba ta hana ba, an yi aikin banza, don kifi bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Kuma wanda za a ce ya ajiye ƙaramar raga, a taimake shi da babba, ko rance ne ya biya sannu sannu, don watannin farko zai ga ragi kafin ya ga ƙari. Gaya wa mai yunwa ya yi haƙuri ba tare da an miƙa masa kome ba, wannan wa'azin ƙoshi ne.

Kada kuma wani ya ce ruwa mai yawa haka ba ya ƙarewa da kifi. Teku ma ta ƙare wa waɗansu. A gabashin Kanada akwai wani yanki na teku da Turawa suka yi shekara wajen 500 suna kwasar wani farin kifi, irin wanda a ke busarwa a kawo mana kamar itace, har a ke cewa ba ya ƙarewa. Cikin 1992 sai da Gwamnatinsu ta hana kama shi, don ya kusa ƙarewa ƙaf, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a, aka shekara fiye da 30 ruwan bai koma yadda ya ke ba. Ƙasar Sin kuma, daga farkon 2021 ta rufe su a babban koginta Yanzi har shekara 10. Waɗannan manyan ƙasashe ne masu abin ciyad da masuntansu kafin ruwa ya farfaɗo. Mu in namu ya mutu, wa zai ciyad da su? Ga shi ko yanzu kifin da Nijeriya ke kamawa da wanda ta ke kiwo bai kai rabin abin da ta ke bukata ba, shi ya sa a ke sayo kifi mai yawa da kuɗin waje.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu mutanen kudancin Kano mu riƙa tunawa, ko da ya ke ba mu cika son jinsa ba. Ruwan nan da ya kwanta a ƙofarmu, da can wucewa ya ke yi. Kogin Kano ya kan haɗu da na Challawa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil, ya je ya malale fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina, ragowar ta bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Cadi. Da aka tare shi a Tiga, aka kuma tare Challawa cikin 1992, ambaliyar da ke cika fadamun nan ta ragu ƙwarai, masunta da makiyaya da manoman shinkafa na can suka ji a jikinsu, ciyawar kacala kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa. A nan gida ma dubban mutane aka tasa daga garuruwansu da gonakinsu, kufansu na ƙarƙashin ruwan da mu ke kallo muna shan shayi. Kifin Tiga da tsada aka saye shi, waɗansu ne kuwa suka biya. Abin kunya ne a ce abin da aka karɓa daga hannun mutane haka, mu mun cinye shi tun yana ɗan yatsa.

Saura mu masu saye, don ba a jan gidan sauro sai an san akwai mai karɓar abin da ya kamo. Na lura 'yan birnin nan masu mota su suka fi kowa sayen 'yan ƙananan, leda leda, wai na tsaraba, suna cewa sun fi daɗin taunawa. Talakan da ba shi da kuɗin babba, ba ni da bakin yi masa magana. Amma mai albashi, malami ko akawu ko ɗan kasuwa, da ya ke iya sayen karfasa mai cika faranti, in ya zo ya tambayi babba, ya ƙi 'ya'yan, ya kuma faɗi dalili da ladabi, magana za ta kai kunnen mai suya, daga nan ta kai jirgi. Malaman makaranta na garuruwan bakin ruwa kuwa, 'ya'yan masunta ne ke zaune gabansu kowace safiya. Darasi guda a kan yadda karfasa ke riƙe 'ya'yanta a baki, a kai yaran gefen ruwa su ga gurbin da idonsu, ya fi takardar gargaɗi goma da za a manna a bangon sakatariya.

Ga mai niyyar zuwa, ina ba shi shawara ya zo cikin kaka ko farkon sanyi, sa'ad da tafki ke cike hanya kuma ta bushe. Daga Kano ba ta fi tafiyar kilomita 70 ba, ta hanyar Zariya, a ratse wajen Bagauda. Ya zo da 'yan canji, ya zo da riga mai kauri don iskar ruwa da dare ba ta da wasa, ya kuma isa da sauran rana don ya ga saukar jirage. Kada ya bar yara su yi wanka a gefe, saboda tsargiya. In wani ya ce zai zagaya da shi cikin kwalekwale bayan duhu ya yi, ya ce ya gode. Ba mu manta da jirgin da ya kife a ruwan Bagwai cikin Nuwamba 2021 ba, inda fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya.

Ina roƙon masu karatu na wajen Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ke zaune inda kogin ke shigowa tafki, da na Kiru masu ƙananan madatsu a kusa da su, su rubuto wa Edita su gaya mana yatsa nawa ke shiga idon kallin da a ke sawa a wajensu, da kuma ko akwai lokacin da sarakunan ruwansu ke hana su. In amsoshi sun taru zan jera su a wannan fili, gari gari, don hakimai da ma'aikatan gona su gani.

Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawu, Bebeji.